Yadda Aka Cinye Kurmin Salihatu

Duk wanda ya san Salihatu mai ɗinki a kasuwar Kontagora ya san abu biyu ne ba a jayayya da ita a kansu: tsawon hannun riga, da giginya. Na hannun rigar ma da sauƙi, in kika dage za ta yanka miki yadda kike so, ta raka ki da harara har bakin shago. Amma in zancen giginya ne, ko mijinta ya ji an ɗauko shi sai ya tuna bai yi alwala ba.

Ba haka kawai ta ɗora wa kanta ba. Bakin dam ɗin da ke bayan gari, lokacin da take yarinya, kurmin giginya ne tun daga inda ake wanki har inda rafi ke shiga. In iska ta taso ganyen ya dinga ƙara ke nan kamar ana kakkaɓe tabarmi, tsattsewa na kai da komo a ƙarƙashinsa, zalɓe na tsaye a ruwa yana jiran rabonsa. Sai gari ya fara girma, kowa na son rufin ɗaki, aka bi giginyun nan ɗaya bayan ɗaya ana sarewa ana tsaga azara. Kafin a farga wurin ya zama fili fetal. Ruwan sama ya samu yadda yake so, yana yankar gaɓa yana zubawa cikin dam, leda ta zo ta yi gida, kachalla ta rufe bakin ruwan, tsuntsaye suka kama gabansu.

Shekarar da zaizaya ta cinye hanyar da mata ke bi zuwa wanki, wasu mutanen gari suka ce abin ya isa haka. Suka haɗa ƙungiyar 'yan sa-kai, ba albashi, ba ko na shan ruwa, kowace Asabar da safe a hallara a bakin dam. Akwai malaman makaranta, akwai 'yan kasuwa, akwai matasan masallaci da na coci, har da Salome ma'aikaciyar jinya, wadda ke zuwa da auduga da filasta saboda ta san abin da ke tsakanin 'yan birni da fartanya. Aka tsince leda, aka tuge kachalla, aka cika buhuna da yashi aka toshe kwazazzabai. Lafiya lau ake aiki ana raha, har ranar da aka zauna shawarar abin da za a shuka.

Shamsuddeen ne ya fara magana. Ɗan kawun Salihatu ne, wato taubashinta, yana da shagon gyaran waya a bakin tasha, kuma tun suna yara bai taɓa ganin ta kama hanya ya bar ta ta wuce lafiya ba.

"Dogon yaro za mu dasa," in ji shi. "Ka dasa bana, kafin ka juya ka samu inuwa. Jama'a su gani da idonsu cewa ba wasa muke zuwa yi ba."

Salihatu ta ce, "Dogon yaro ya cika gari, har maƙabarta. Shi aka sare a nan? Abin da aka cire shi za a mayar. Tsattsewar nan a ganyen giginya take liƙa sheƙarta, in ka dasa mata dogon yaro a kanka za ta liƙa?"

"Kafin giginyarki ta kai gwiwa ni na aurar da jikata."

"Ka fara samun mai aurenka tukuna."

Aka kwashe da dariya, don Shamsuddeen ya daɗe yana cewa bayan Sallah, kuma Sallolin sun wuce da yawa. Amma dariya ba ta raba gardama ba. Rabin mutane na bayansa, kuma ba su yi laifi ba, don giginya ba ta da kirkin da za ta ƙarfafa wa mai aiki gwiwa. Ba a rainon ta a leda a dasa. Ƙwallon ake binnewa a inda ake so ta tsaya, ita kuma sai ta fara yin ƙasa, ta yi watanni tana nutsawa, ba ta nuna maka ko tsinke a sama. A ƙarshe aka tsayar da magana: an ba Salihatu shekara guda. In daminar baɗi ta zauna ba a ga ganyen giginya ko ɗaya a bakin dam ba, za a cika wurin da dogon yaro, ita da kanta za ta ɗauko dashen a ka, kuma ba za ta sake tayar da zancen ba har abada.

Ta ce ta yarda, ta ƙara da cewa Shamsuddeen ya fara koyon ba da haƙuri tun yanzu.

Washegari ta rufe shago ta hau motar Rijau, ta sauka a Tungan Magajiya, inda wata mai kawo mata ɗinki ta ce har yanzu giginya na zubar da 'ya'ya a fadamarsu. Ta dawo da buhuna cike da ƙwallo, motar na ƙamshin giginya nunanniya, direba na mita cewa kayan nan sun fi fasinja nauyi. Da ruwa ya sauka aka fito gayya sosai. Aka ja layi daga wurin wanki zuwa ƙasa, ana haƙa rami, a jefa ƙwallo ɗaya, a rufe, a kafa turke don a gane wurin, a ba da tazara mai kyau a sake wani. Aka je aka gaida mai unguwa aka gaya masa. Aka watsa hotuna a waya, har a rediyo sai da aka faɗa.

Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna. Akwai 'yar tunga a bayan tudun da ke kallon ruwan, gidaje kaɗan, kuma matan tungar ba su cikin masu karɓar hotunan waya. Ba wanda ya taka ya je ya ce musu ga abin da ake yi.

Damina ta yi ta tafiya, 'yan sa-kai na zuwa suna nome ciyawa a gindin turaku. Mutanen gari suka fara cewa ga masu noman turke can. Shamsuddeen kuwa ya samu abin yi. Kowace Asabar sai ya durƙusa gaban turke guda ya ce, "Barka da asuba, ranka ya daɗe. Yaya iyali a ƙasa? A gaida su, a ce Hajiya na jira." Salihatu ta jefe shi da hoge, ya goce. Tana dariya, amma tana lura da yadda mutane ke raguwa. Wanda ya zo wannan mako ba lallai ya zo na gaba ba, don ba kowa ke iya yi wa ƙasa hidima wata da watanni ba ta ce masa ko sannu ba. Ita dai ta san ƙwallayen suna nan a raye. Wani lokaci in ba mai kallo sai ta dafa ƙasar da tafin hannu, ta ji sanyi a ranta.

Da kaka ta shigo, ruwan ƙarshe ya ɓalle wani kwazazzabo a can sama da wurin wanki, aiki ya koma can gaba ɗaya, aka yi makonni ba wanda ya leƙa layin turaku. Wata Asabar da hantsi, ana cikin jan buhunan yashi, yunwa ta fara taɓa kowa, sai ga wata tsohuwa ta gangaro daga tudu da ƙaton daro a ka, an rufe shi da zane, tururi na fita ta gefe. Iyatu ce, mutuniyar tungar. Duk mai shiga kasuwa ya san tirenta, don shekara da shekaru muruci take sayarwa, wato tsiron nan da ƙwallon giginya ke yi a cikin ƙasa, wanda ake tonewa a dafa.

Ta sauke daron da nishi ta ce, da Hausarta mai ɗan karin Kambari, "Sannunku da aiki, 'ya'yana. Ku zo ku ci da zafinsa."

Ba wanda ya yi mamaki. In ana gayya maƙwabta kan kawo abin taɓawa. Aka wanke hannu a dam aka zagaye daro. Muruci ne manya-manya, ya dahu luguf, ga ƙullin yaji a gefe. Kai, ranar an ci muruci. Salome da ke cewa ba ta cin abu a waje sai da ta nemi leda ta ƙulle na yara. Amma duk wurin ba wanda ya kai Salihatu. Ta miƙe ƙafa, ta ɓare wannan ta dangwali yaji, kafin ta haɗiye ta ɗauki wancan, ɓawo ya taru a gabanta tuli guda.

"Iya, Allah ya saka da alheri," in ji ta, baki cike. "Rabona da muruci mai garɗin wannan tun ina yarinya. Shamsuddeen, ka ji abin da dogon yaronka ba zai taɓa ba ka ba. Iya, daga ina kika samo irin wannan?"

Iyatu ta ce, "Naku ne mana. Wanda kuka binne a can ƙasa."

Bakin Salihatu ya tsaya.

Tsohuwa ta gyara zama, don ta daɗe tana son ta faɗa musu gaskiya. "Tun farkon damina nake kallonku daga tudu. Kun iya zaɓen ƙwallo, wannan ban hana ku ba. Amma wa ya koya muku binnewa? Ana tara su ne wuri guda, a jera, a rufe. Ku kuwa ɗaya nan, ɗaya can gabas, kamar masu faɗa da juna. Na ga lokaci ya yi, na jira ku zo ku tone, shiru. Na ce bayin Allahn nan 'yan birni ne, za su bar abinsu ya wuce, ya yi ganye ya lalace. Nawa ma da ke can bakin rafi ban taɓa shi ba, na ce bari in ceci nasu tukuna. Kwana da kwanaki ina bi, bayana kamar zai rabe. Allah dai ya yi muku albarka da kuka kafa turaku, ba don su ba da ban same su duka ba."

Salihatu na da rabin muruci a baki, ta rasa tofarwa za ta yi ko haɗiyewa. Ta haɗiye. Shamsuddeen ya yi iya ƙoƙarinsa, ya cije leɓe, ya kalli sama, ya kalli ruwa, sai yaji ya sarƙe shi, dariyar ta fito tare da tari, ya kife a kan buhun yashi Salome na bubbuga masa baya, ita ma kafaɗunta na rawa.

Salihatu ta tashi ta gangara layin turaku. Aiki ne na mai tsabta. Kowane rami an tone an mayar da ƙasa, turaku kuma an tattara an ɗaure su dami guda an jingine, don kada su ɓata. Ta zauna kusa da damin ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har lokacin bakinta na jin daɗin abin.

Can sai ga Shamsuddeen, ya share hawayen dariya ya zauna nesa kaɗan. Ya ce, "Salihatu, ni zan iya ɗaga miki ƙafa wata shekarar. Amma mutanen nan sun gaji da noman turke. In aka ce su sake, ni da ke za mu rage, ni ma don tsokana zan riƙa zuwa."

"Na sani," in ji ta. "Magana an riga an yi ta."

Ta san kuma ko ta samo sabon ƙwallo yanzu, rani ya kawo kai, ba abin da zai yi ganye kafin lokacin da aka yanka. Salome ce da ta biyo su ta ce, "Ba ku ji abin da tsohuwar ta ce ba? Nata na nan a ƙasa, a bakin rafi. Ai nan ma cikin filinmu ne."

Ranar Lahadi da la'asar Salihatu ta sayi goro ta hau tudu. Ta samu Iyatu kwance a tabarma a tsakar gida, an shafa mata man kaɗanya a baya, ko zama ba ta iya yi sosai. Suka gaisa, Salihatu ta yi mata sannu, sannan a hankali ta warware mata zancen: ba muruci suka binne ba, so suke ƙwallayen su yi ganye, su girma, kurmin ya koma yadda yake a da.

Iyatu ta ɗaga kai ta dube ta da kyau, ko za ta ga alamar wasa. Da ba ta gani ba sai ta yi dariya har bayan ya amsa, ta dafe shi. "Ku binne abinci, ku zauna kuna jira ya lalace? Da gangan? 'Yar nan, giginya ai ba mutum ke shuka ta ba. Allah ke shuka abarsa."

"To waɗanda muka taso muka gani a bakin ruwan nan, Iya, yaya aka yi suka fito?"

"Kakata ta ce giwaye ne. Su haɗiye 'ya'yan a nan, su je su sauke a can."

"Giwayen sun tafi, Iya. Mu muka rage."

Tsohuwa ta juya goron a hannu. Sannan ta ce, "Na san abin da ya hawo da ke tudun nan. Nawa kike so in bari. Ba zan bari ba. Da shi nake cin rani, da shi nake sayen gishiri da magani. Kuma ko ba don haka ba, ni ban iya wuce abinci a ƙasa ba. Naku ma ba ni na ci ba, ku kuka ci, ke ma na ga tulin da kika tara."

Salihatu ta dubi gidan: rumbu ɗan ƙarami, tukunya guda a murhu, tire a jingine. Ta dubi bayan da ya ƙare a kan ramukanta. Kunya ta kama ta, duk jawabin da ta shirya a hanya ya gudu. Sai ta ji bakinta na cewa, "Ba komai, Iya. Tunda a namu bayanki ya ƙare, ni zan zo in tone miki naki kafin ya wuce."

Tana gangarowa tana zagin kanta. Wato da hannunta za ta je ta tone giginyar ƙarshe da ta rage da rai a bakin dam.

Da safiyar Talata ta sake rufe shago, masu ɗinki na ta kira tana kashe waya. Ta samu Iyatu ta riga ta isa, ta kife daro ta zauna a kai, sanda a hannu. Wurin yashi ne mai laushi inda rafi ke shiga dam, kuma tsohuwa ta binne ƙwallaye a dogon layi, kafaɗa da kafaɗa. Ba a jima ba sai ga Shamsuddeen da dagi a kafaɗa.

"Me ya kawo ka?" in ji Salihatu.

"Na zo in tabbatar ba a bar ko ɗaya ba."

Ya faɗa ne yana murmushi, amma shi ya karɓi wurin da ya fi tauri. Tonon muruci ba wasa ba ne. Abin ya nutsa ya kai tsawon kamu, sai ka haƙa ta gefe, ka zura hannu har gwiwar hannu, ka lallaɓa ka ciro shi kada ya karye. Iyatu na daga zaune tana ba da umarni, wannan ya yi gaggawa, waccan ta cika tausayi. Salihatu kuwa duk wanda ta ciro sai ta ji kamar haƙorinta ta cire. Ga shi fari sol, lafiyayye, da an bar shi da ya zama itacen da zai fi gidan sama tsawo, ta jefa shi a buhu.

Sun yi nisa kaɗan, ta sa hannu za ta fara wani, sai sanda ta sauka a gabanta.

"Tsallake wannan," in ji Iyatu.

"Me ya same shi, Iya?"

"Ya yi zurfi. Zai karye."

Salihatu ba ta ga zurfin da ya fi na sauran ba, amma ta mayar da ƙasa ta wuce. Aka ci gaba, buhu na cika. Can gaba sanda ta sake sauka. Wannan wai yana kusa da gidan tururuwa. Na gaba wai ƙwallonsa ƙarami ne, ba zai yi daɗi ba. Na bayansa kuwa da Shamsuddeen ya tambayi laifinsa, cewa ta yi, "Ban son fuskarsa."

Shamsuddeen ya miƙe ya waiwaya. Ya dubi inda aka tsallake na farko, ya dubi na biyu, ya ga tazarar da ke tsakaninsu ta isa itace ya buɗe ganye bai taɓa ɗan'uwansa ba. Ya buɗe baki zai yi magana, Salihatu ta take masa ƙafa da duk nauyinta. Ita tana tsoron ko numfashi ta yi da ƙarfi tsohuwa ta fasa.

Da aka kai ƙarshen layi, rana ta take, Salihatu ta durƙusa gabanta. Iyatu ta ɗaga hannu.

"Kada ki gode mini. Raina bai so ba, kuma har yanzu bai so ba. Na cinye muku wahalarku ne ban sani ba, abin ya tsaya mini a wuya. In kika yi mini godiya sai in sa ku koma ku tone su."

Salihatu ta haɗiye godiyar. Ta ce to bari a kafa turaku don a gane wuraren.

"Turke shi ke kiran mai tono," in ji Iyatu. "Ni shaida ce. Ku bar su haka, na san inda suke."

Wannan karon ba a tsaya ga rediyo ba. Salihatu da Salome suka bi tungar gida-gida suka gaya wa kowace mace, aka sha dariya, labarin 'yan birnin da suka cinye dajinsu da yaji ya kai har Nasko. Abin mamaki, labarin ya dawo da wasu da suka daina zuwa, don kowa na son ya ga wurin da abin ya faru. Aka yi rani ana share ciyawa a kewaye saboda gobara. Iyatu kuwa duk sanda ta ga Salihatu a kasuwa sai ta kai ƙarar kanta. "Jiya na bi ta wurin da dagi a hannu. Allah ne ya kawo mai neman canji ya ɗauke mini hankali." Salihatu ta yi dariya, ta koma shago.

Ruwan farko ya sauka, ta je ta duba, yashi ne kawai. Na biyu ya sauka, ta koma, ba komai. Ta fara tunanin ko tonon da aka yi a gefensu ya taɓa su, ko zafin bazara ya dafa su a ƙasa. Sai ɗinkin Sallah ya taso ya danne ta a kan keke, ta kuma ji daɗin samun dalili, don ta gaji da zuwa tana dawowa da zuciya a karye. Ta daina leƙawa.

Damina ta zauna, Asabar ɗin alkawari ta zo. Shamsuddeen ya iso da keke-napep cike da dashen dogon yaro, kore shar, kowane a ledarsa. Bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya ƙara tabbatar wa Salihatu cewa ta faɗi. Ya ce a bar maganar ɗauka a ka, wasa ne. Ta ce ita ba da wasa ta yi alkawari ba. Ta naɗa gammo, aka ɗora mata tire cike da dashe, ta ce daga bakin rafi za a fara, don ta ga wurin sau ɗaya ta haƙura. Ta shige gaba, jama'a na biye.

Tun daga nesa suka hango Iyatu tsaye a wurin, ta dogara sanda, ta sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Da suka matso ba ta amsa gaisuwa ba.

"Zo ki gani," in ji ta. "Sun lalace."

Salihatu ba ta san lokacin da Salome ta sauke mata tiren ba. A gaban ƙafar tsohuwa wani tsini ne kore ya huda yashi, mai tauri, a naɗe, bai fi tsawon yatsa ba. Can gaba ga wani. Gaba da shi wani har ya fara buɗewa, ruwan daren jiya na maƙale a jikinsa. Ta zube a kan gwiwoyinta, dariya da kuka suka haɗe mata, ta rasa wanda za ta fara. Murna ta cika ta, ta kai yatsa za ta taɓa, ta janye. Bayanta jama'a suka ɓarke da hayaniya, masu hamdala na yi, matasan coci suka ɗauko waƙa.

Iyatu ba ta kula su ba. A hankali ta dafa sanda ta tsuguna kusa da Salihatu, da bayan nan nata da komai, ta ƙura wa ganyen ido. Ta daɗe a haka. Da ta yi magana muryarta ta sauka, idonta ya kawo ruwa.

"Tun ban kai aure ba uwata ta koya mini binne ƙwallo. Abin da na binne a bakin ruwan nan Allah kaɗai ya san yawansa. Ban taɓa barin ɗaya ya ga rana ba." Ta share ido da bakin zane. "Ashe haka suke fitowa."

Shamsuddeen ya matso yana leƙe ta saman kafaɗarsu, yana neman inda zai sa ƙafa. Sanda ta tare shi a ƙauri.

"Ja da baya, ɗan nan," in ji Iyatu. "Za ka taka mini giginya."